Alexander Calder: Injiniyan da ya koya wa ƙarfe rawa da iska

A birnin Philadelphia na ƙasar Amurka akwai wani dogon titi mai suna Benjamin Franklin Parkway, wanda aikin hannun kaka da ɗa da jika ke jere a kansa.

A ƙarshen titin ta wajen tsakiyar gari, can ƙololuwar ginin majalisar birnin, akwai mutum-mutumin William Penn, mutumin da ya kafa birnin. Tsayinsa ya kai mita 11, nauyinsa ya haura tan 20, kuma tun shekarar 1894 yake tsaye a wurin. Wannan aikin kakan ne, Alexander Milne Calder.

A tsakiyar titin akwai wani katafaren wurin feshin ruwa mai manyan gumakan tagulla uku da aka kammala a 1924. Wannan kuma aikin ɗan ne, Alexander Stirling Calder.

A ɗaya ƙarshen, cikin gidan adana kayan fasaha na birnin, wasu fararen fallayen ƙarfe na rataye a sama suna juyawa a hankali. Babu inji a jikinsu, babu lantarki, iskar da ke zagayawa cikin ginin kaɗai ke kaɗa su. Sunan aikin Ghost, wato Fatalwa, kuma jikan ne ya ƙera shi a 1964.

Jikan nan, wanda shi ma sunansa Alexander Calder, shi ne ya fi kakansa da mahaifinsa shahara. Shekaru aru-aru an san sassaƙa da nauyi da zama wuri guda. Shi kuwa sai ya ɗauke ta daga ƙasa ya rataye, ya daidaita nauyinta daidai wa daida, sannan ya bar wa iska ragowar aikin.

Gidan masu sassaƙa

An haife shi a shekarar 1898 a Lawnton da ke jihar Pennsylvania. Kakansa ɗan asalin Sikotland ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka. Mahaifiyarsa, Nanette Lederer Calder, mai zanen hotunan mutane ce da ta yi karatu a Paris. Yana da yaya mace guda, Margaret. A gida Sandy ake kiransa, kuma sunan ya bi shi har tsufa.

Yarintarsa ba ta zaman wuri ɗaya ba ce. A 1905 mahaifinsa ya kamu da tarin fuka, dole iyayen suka tafi jihar Arizona mai busasshiyar iska neman sauƙi, suka bar yaran a hannun abokan arziki na kusan shekara guda. Daga nan iyalin suka koma Pasadena a jihar California, suka yi ta ƙaura tsakanin California da New York gwargwadon inda aikin mahaifin ya kai su.

Duk gidan da suka sauka, iyayen kan ware wa yaron wani lungu na aikin hannu. A can yake tara guntayen wayar jan ƙarfe da ya tsinto a titi, yana ƙera wa 'yartsanar yayarsa sarƙa da awarwaro.

A bikin Kirsimetin 1909, yana ɗan shekara 11, ya yanko fallen tagulla ya lanƙwasa, ya yi wa iyayensa kyautar ɗan kare da 'yar agwagwa. Agwagwar nan idan aka taɓa ta sai ta riƙa rangaji gaba da baya. Har yanzu ana ajiye da ita, kuma masana tarihinsa kan nuna ta a matsayin abu mai motsi na farko da ya fito daga hannunsa.

Duk da haka iyayen ba su so ya gaji sana'ar gidan ba, domin sun san rashin tabbas ɗin da ke cikinta. Da ya gama sakandare a San Francisco a 1915, sai ya shiga kwalejin fasaha ta Stevens da ke Hoboken a jihar New Jersey, ya karanci aikin injiniyan injina, ya kammala a 1919.

A can ya koyi lissafin nauyi da motsi, da ƙarfin ƙarafa, da zanen injina. A lokacin babu wanda ya yi zaton wannan karatun zai yi masa rana a fagen fasaha.

Injiniyan da ya kasa zama

Shekaru huɗu da suka biyo baya ya yi su ne yana shiga aiki yana fita. Ya yi aikin injiniyan ruwa, ya yi zanen taswirar injina a wani kamfanin lantarki a New York, ya yi wasu ayyukan da dama, babu wanda ya riƙe shi.

A watan Yunin 1922 ya samu aiki a ɗakin tukunyar injin wani jirgin ruwan fasinja mai suna H.F. Alexander, wanda ya tashi daga New York zuwa San Francisco ta mashigin Panama. Wata rana da asuba, jirgin na daura da gaɓar Guatemala, ya farka a saman jirgin inda yake kwana, ya ga rana ta ɓullo jajawur a gefe guda, cikakken wata kuma fari fat yana faɗuwa a ɗaya gefen.

Wannan gani ya zauna masa a rai. Bayan shekaru da yawa ya sha danganta aikinsa da tsarin rana da wata da taurari, abubuwa masu nauyi da ke shawagi a sarari ba tare da sun yi karo ba.

Da ya sauka daga jirgin ya yi aikin rubuta lokutan ma'aikata a wani sansanin masu saran katako a jihar Washington. A can ne sha'awar zane ta taso masa, ya aika gida a turo masa fenti da buroshi. A 1923 ya koma New York ya shiga makarantar zane ta Art Students League. Yana da shekara 25, da takardar digirin injiniya a hannu, ya koma ɗan koyo.

Don ya ciyar da kansa ya riƙa yi wa wata jarida mai suna National Police Gazette zane-zane. A 1925 jaridar ta tura shi ya yi mako biyu yana zana 'yan wasan sarkus na Ringling Brothers da Barnum and Bailey, wato babban dandalin nan na masu tafiya kan igiya, da masu alkafura a sama, da masu wasa da zakuna da giwaye.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda ɗan wasa ke daidaita jikinsa a kan siririyar igiya, da yadda sarari ke tsakanin masu lilo biyu kafin ɗaya ya cafke ɗaya.

Wasan da ya cika akwati biyar

A 1926 ya tafi Paris, wadda a lokacin ita ce matattarar masu zane da sassaƙa na duniya. Ya kama ɗan ɗaki a unguwar Montparnasse, ya fara haɗa nasa ɗan ƙaramin sarkus da waya da tsumma da fata da katako da murfin kwalba.

Akwai zaki da mai horar da shi, da mai haɗiye takobi, da mai jifa da wuƙa, da mai ɗaga ƙarfe, da dawakai masu zagaye fili. Kowane ɗaya yana da dabarar motsinsa, ko zare, ko marfi mai juyawa, ko roba. Calder, wanda ƙaton mutum ne, kan durƙusa a ƙasa yana sarrafa su da hannu yana kwaikwayon kukan zaki, baƙi na zaune a kan akwatuna suna kallo.

Wasan ya yi ta girma har zuwa 1931, sai da ya cika akwati biyar, yana yawo da shi tsakanin Paris da New York. Ta dalilinsa ya san manyan masu fasaha na zamanin irin su Joan Miró da Fernand Léger da Piet Mondrian. A yau kayan wasan na gidan adana kayan fasaha na Whitney a New York.

A daidai wannan lokaci ya shahara da wani abin kuma: siffanta mutane da waya zalla. Da filaya a aljihu da naɗin waya a kafaɗa, yakan lanƙwasa fuskar mutum nan take. Daga cikin waɗanda ya siffanta akwai fitacciyar mai rawar nan baƙar fata 'yar Amurka, Josephine Baker, wadda ya yi siffarta da gaɓoɓi sake-sake, ta yadda idan aka rataye ta jikin kan yi rawa da kansa.

A 1929, cikin jirgin ruwa daga Turai zuwa New York, ya haɗu da Louisa James, 'yar dangin marubucin nan Henry James. Sun yi aure a watan Janairun 1931, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Sandra a 1935 da Mary a 1939.

Ziyarar da ta juya akalarsa

A watan Oktoban 1930 Calder ya ziyarci ɗakin aikin Piet Mondrian, ɗan ƙasar Holan mazaunin Paris, wanda zanensa bai wuce miƙaƙƙun layuka da murabba'ai masu launin ja da shuɗi da rawaya ba.

Ɗakin kansa ne ya girgiza shi. Bangon fari ne tas, an manna masa kwalaye masu launi nan da can, haske na shigowa ta tagogi. Calder ya ba mai ɗakin shawarar a sa kwalayen nan su riƙa motsi. Mondrian bai karɓi shawarar ba, yana ganin zanensa ba ya bukatar haka.

Calder ya koma gida da tunanin. Ya yi 'yan makonni yana gwada irin zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko dabba, sannan ya ajiye buroshi ya koma ga waya da ƙarfe, inda hannunsa ya fi faɗawa. A 1931 ya baje kolin sababbin ayyukansa a Paris: ƙwallaye da da'irori da wayoyi masu kama da taurari a falaki.

Kafin ƙarshen shekarar ya sa musu motsi, wasu da ƙaramin injin lantarki, wasu da hannun juyawa. Da Marcel Duchamp, wani fitaccen mai fasaha ɗan Faransa, ya ziyarce shi ya gan su, sai ya raɗa musu suna mobile, kalmar Faransanci da ke nufin abu mai motsi, kuma take nufin dalilin da ke sa mutum aikata abu. Bayan nan wani abokinsa, Jean Arp, ya kira marasa motsin da suna stabile. Sunayen biyu sun zauna har yau.

Ba Calder ne ya fara sa wa sassaƙa motsi ba. Tun wajajen 1920 Naum Gabo ya yi wata sandar ƙarfe da inji ke kaɗawa, Alexander Rodchenko a Rasha ya rataye siffofin katako, Man Ray kuma ya saƙala maratayan tufafi a jikin juna. Amma su gwaji suka yi suka wuce. Calder ne ya mayar da abin sana'ar rayuwa, ya yi shekara 45 yana buɗa hanyoyinsa.

Daga inji zuwa iska

Ayyukan masu inji sun burge mutane. Ɗaya daga cikinsu, A Universe na 1934, yana da ƙwallaye biyu, fari da ja, masu bin wayoyi da saurin da ya bambanta. Ana ba da labarin cewa masanin kimiyya Albert Einstein ya tsaya gabansa na tsawon minti 40 yana jiran ya ga zagayen ya maimaita kansa.

Sai dai shi mai ƙirar bai gamsu ba. Inji kan lalace, kuma ko bai lalace ba, abu ɗaya yake maimaitawa. Wanda ya kalla sau biyu ya gama gani.

Don haka ya fara cire injin. Aikinsa na farko da ya rataye daga rufi, wanda ya fara a 1932, ƙwallaye biyu ne a ƙarshen sanda guda: babba ja na ƙarfe mai nauyi, da ƙarami fari na katako a dogon zare. Idan aka ɗan tura babban, sai ƙaramin ya shiga yawo yana bugun kwalabe da gwangwani da akwati da faifan ƙarfe da aka jera a ƙasa. Babu wanda zai iya cewa ga abin da zai buga na gaba, har shi Calder ɗin.

Nan ya gano hanyarsa. Aikin injiniya shi ne ya hana na'ura yin abin da ba a tsara mata ba. Calder ya ɗauki wannan ilimin ya yi amfani da shi wajen ƙera abin da ba zai taɓa maimaita motsinsa ba, amma kuma ba zai faɗi ko ya harɗe ba.

A 1933, ganin yadda al'amuran siyasa ke dagulewa a Turai, shi da matarsa suka koma Amurka, suka sayi wani tsohon gidan gona a Roxbury da ke jihar Connecticut. A can ne ƙirar reto irin wadda aka san shi da ita ta kankama.

Yadda ake daidaita ta

Sirrin ƙirar bai wuce abin da ɗan ga-ruwa ya sani ba. Idan garwa biyu cike suke, tsakiyar sanda yake saɓawa a kafaɗa. Idan ɗaya ta ragu, sai ya matsar da kafaɗarsa kusa da mai nauyin.

A lissafi, nauyin kowane gefe idan aka ninka shi da nisansa daga wurin ratayewa, dole amsar ta zo ɗaya. Falle mai giram 200 da ke nisan santimita 10 zai daidaita da mai giram 100 da ke nisan santimita 20. Shi ya sa ake ganin ƙaton falle kusa da maratayi, wani ɗan mitsitsi kuma can nesa a ƙarshen dogon reshe, amma babu wanda ya rinjayi wani. Ita ma wayar da ta haɗa su tana da nata nauyin da ke shiga lissafin.

Calder ba ya zama da alƙalami yana wannan lissafin a ƙananan ayyukansa. Yakan yanko fallayen alminiyam ko na ƙarfe da almakashi, ya goge bakinsu da magagari, ya shimfiɗa su a kan tebur yana matsar da su har tsarin ya yi masa. Daga nan sai ya haɗa su da waya.

Daga ƙasa ake farawa, wato daga ƙananan fallayen da ke can ƙarshe. Zai haɗa biyu na farko a reshe guda, ya ɗora reshen a kan yatsa ko ya rataye shi da zare yana matsarwa har ya tsaya bai karkata ba. A daidai wannan wurin zai lanƙwasa wayar da filaya ya yi mata ɗan zobe.

Wannan reshen da duk abin da ke jikinsa ya zama nauyi guda ke nan. Sai a saƙala shi a ƙarshen reshe na biyu, a sa wani falle a ɗaya ƙarshen, a sake neman wurin daidaito. Haka za a yi ta hawa har a kai reshen ƙoli da za a rataye a rufi.

Dalilin farawa daga ƙasa a bayyane yake: duk abin da aka ƙara ko aka rage a ƙasa, sai ya karkatar da dukkan rassan da ke samansa. Ko fenti da aka shafa wa falle ɗaya yana iya sauya daidaiton.

Akwai kuma batun mahaɗa. Zobe cikin zobe ba ya barin reshe ya yi cikakken zagaye. Idan ya juya ya kai iyakarsa, sai ya ja na samansa, shi ma ya ja na gaba. Ta haka motsi ke bin ƙirar daga wutsiya zuwa kai kamar tafiyar maciji, sannan ya dawo.

Fallen da aka sa a tsaye shi ke tare iska ya juya reshe. Wanda aka kwantar kuwa sama da ƙasa yake yi kamar ganye a kan ruwa. Wani lokaci Calder kan huda falle don rage masa nauyi da yawan iskar da yake tarewa. Dole kuma a bar wa kowane reshe filin juyawa, sai dai inda da gangan yake so wani ɗan ƙarfe ya bugi faifai ya ba da sauti.

Launukansa kaɗan ne: baƙi da fari da ja, sai shuɗi da rawaya jefi-jefi. Ja ne ya fi so. Kayan aikinsa ma na hannu ne, filaya da guduma da almakashi, kuma a irin waɗannan ayyukan ya fi son saƙalawa da dake ƙusa a kan walda, ta yadda mai kallo zai ga yadda aka haɗa komai.

Zaiba, yaƙi da akwatin gidan waya

A 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, gwamnatin jamhuriyar ƙasar ta buɗe rumfarta a bajekolin duniya na Paris. A nan Pablo Picasso ya nuna shahararren zanensa Guernica. A gaban zanen aka ajiye aikin Calder, wanda shi kaɗai ne ba ɗan Sifaniya ba cikin masu fasahar rumfar.

Wurin feshi ne da zaiba ke gudana a cikinsa maimakon ruwa. An kawo zaibar daga mahaƙar Almadén, wadda dakarun Janar Franco ke neman ƙwacewa. Zaibar kan gangaro ta kwararo-kwararo ta bugi wani falle, shi kuma ya kaɗa sandar da ke ɗauke da jan faifai da sunan garin. Yanzu aikin na gidauniyar Joan Miró a Barcelona, an killace shi da gilashi saboda gubar da ke cikin tururin zaiba.

A 1939 gidan adana fasahar zamani na New York, wanda aka fi sani da MoMA, ya sa shi ƙera wata babbar ƙirar reto a saman matakalar sabon gininsa. A 1943 gidan ya shirya bajekolin ayyukansa tun daga farko, yana da shekara 45.

Yaƙin duniya na biyu ya jawo ƙarancin ƙarfe, domin masana'antun makamai sun lashe shi. Calder ya koma sassaƙa guntayen katako yana haɗa su da waya, ya kuma riƙa amfani da gwangwanaye da fasassun kwalabe.

Bayan yaƙin, da aka shirya masa bajekoli a Paris a 1946, jigilar kaya zuwa Turai na da wuya. Sai ya ƙera ayyukan ta yadda za a warware su a zuba cikin ƙananan ƙunshin gidan waya, a sake haɗa su a can. Masanin falsafa Jean-Paul Sartre ne ya rubuta maƙalar gabatar da bajekolin. A 1952 Calder ya lashe babbar kyautar sassaƙa a bajekolin Venice na Italiya.

Duk da wannan ɗaukaka, akwai masu sharhin da suka riƙa kallon aikinsa a matsayin kayan wasan yara da aka kambama. Yadda kamfanoni suka kwaikwayi dabarar suna yin 'yan kayan reto da ake ratayawa a saman gadon jarirai ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi. Shi dai bai ɓata lokacinsa wajen jayayya ba. An san shi da ƙin dogon bayani a kan aikinsa, da son raha, da jar rigarsa ta aiki.

Daga tebur zuwa dandali

Daga shekarun 1950 ayyukan suka fara girma. A Caracas, babban birnin Venezuela, ya tsara wasu manyan fallaye masu launi 31 da aka rataye a rufi da bangon babban ɗakin taron jami'ar ƙasar. Ban da ado, su ne ke gyara yadda sauti ke yawo a ɗakin, kuma tare da injiniyoyin sauti aka tsara su.

A 1955 ya je Ahmedabad a Indiya bisa gayyatar iyalin Sarabhai, ya yi makonni yana ƙira a lambun gidansu. A 1957 ya yi wa filin jirgin saman New York wata ƙatuwar ƙirar reto, a 1958 kuma ya yi wa hedikwatar hukumar UNESCO a Paris wata mai tsaye a ƙasa da kai mai juyawa.

Ya sayi gida a ƙauyen Saché na Faransa a 1953, daga baya ya gina babban ɗakin aiki a can. Manyan ayyukan sun fi ƙarfin filaya, don haka yakan yi ɗan ƙaramin samfuri da hannunsa, maƙeran masana'anta a Tours ta Faransa ko Waterbury ta Amurka su faɗaɗa shi yana duba su.

Ta haka aka samu manyan ƙarafansa marasa motsi a Spoleto ta Italiya a 1962, da Montreal ta Kanada a 1967, da birnin Meziko lokacin wasannin Olamfik na 1968, da Flamingo mai tsayin mita 16 a Chicago a 1974. Ya yi wa jirgin saman kamfanin Braniff fenti a 1973, da motar tsere ta BMW a 1975. Wani aikinsa da ke harabar cibiyar kasuwanci ta duniya a New York ya lalace a harin 11 ga Satumban 2001.

Lambar yabon da ya ƙi karɓa

Mutumin da aka sani da raha bai yi shiru a kan yaƙin Vietnam ba. A watan Janairun 1966 shi da matarsa suka sayi shafi guda cur a jaridar New York Times suka bayyana adawarsu da yaƙin, ya kuma riƙa yin zane-zane don tallafa wa masu fafutukar zaman lafiya.

A 1976 Shugaba Gerald Ford ya yi masa tayin lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula. Calder ya ƙi karɓa, saboda yadda gwamnati ke hukunta matasan da suka ƙi shiga aikin soja a yaƙin.

A watan Oktoban shekarar aka buɗe babban bajekolin ayyukansa a gidan Whitney. Bayan 'yan makonni, ranar 11 ga Nuwamban 1976, ya rasu sakamakon bugun zuciya a New York yana da shekara 78.

A watan Janairun 1977 aka ba shi lambar bayan rasuwarsa, iyalinsa suka ƙaurace wa bikin a kan dalilin da ya sa shi ma ya ƙi ta. Kafin watan ya ƙare sabon shugaban ƙasa, Jimmy Carter, ya yi afuwa ga waɗanda suka guje wa kiran shiga soja.

Ya bar ayyuka sama da 22,000 da gidauniyar da iyalinsa suka kafa a 1987 ta tattara bayanansu, ciki har da sarƙoƙi da 'yan kunne da awarwaro sama da 1,800. A 2014 an sayar da wata ƙirarsa ta reto mai siffar kifi a kan kusan dala miliyan 26.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa na ƙarshe shi ne wanda aka nema don sabon ginin gidan adana kayan fasaha na ƙasa da ke Washington. Da aka lissafa samfurin da ya yi, sai aka ga idan aka faɗaɗa shi da ƙarfe zai yi nauyin da iska ba za ta iya motsa shi ba. Paul Matisse, jikan mai zanen nan Henri Matisse, shi ya kawo mafita: a yi fallayen da alminiyam mai ramuka a ciki kamar saƙar zuma, irin wanda ake amfani da shi a jikin jiragen sama.

Calder ya amince da tsarin kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. An rataye aikin a watan Nuwamban 1977, shekara guda bayan ya bar duniya, bai gan shi a sama ba. Faɗinsa ya kai mita 23, nauyinsa kimanin kilo 420, kuma iskar da ke zagayawa cikin zauren ta isa ta juya shi.